Kundin Aikin Benen Yalwa: Zanen Yanka da Lanƙwasa, Bim Bayan Bim

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Aikin bene ne mai hawa ɗaya a Yalwa ta garin Bauchi, ta wajen titin Dass, na kawuna. Shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, don ɗaliban jami'ar ATBU da na Poli ta Gwallameji kullum neman ɗaki suke a yankin. Injiniyan da zai sa hannu ya buga hatimi yana da rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ni a ƙarƙashinsa nake. Rabona a aikin shi ne in fitar da zanen ƙarfin yanka da zanen ƙarfin lanƙwasa na kowane bim, waɗanda a aji muke ce wa SFD da BMD. Sharaɗinsa guda ne: fensir da takardar giraf tukuna, kwamfuta daga baya. Zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan, saboda ɗalibai da kuma masu aikin gini da ke son sanin dalilin da ya sa ake cewa rodi kaza ya bi sama, kaza ya bi ƙasa.

Bim shi ne dogon kankaren da ke kwance a kan piloli yana ɗauke da dekin. Duk bim da aka ɗora wa kaya, abu biyu ke damunsa. Na farko, nauyi na son ya datse shi, ɓangare ɗaya ya zame ƙasa ya bar ɗaya. Na biyu, yana son ya lanƙwasa shi, gefe ɗaya ya matse, ɗaya gefen ya miƙe. Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma wajen ja ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Saboda haka duk inda bim ke miƙewa, nan ake son rodi. Zanen nan biyu su ke nuna wurin.

Yau lissafin kaya kawai na yi. Da BS 8110 muke aiki, ƙa'idar Ingila ta lissafin ginin kankare, wadda har yanzu ita ce a hannun yawancin injiniyoyinmu, ko da yake a Ingila an maye gurbinta da Eurocode tun 2010. Kaurin dekin milimita 150, kankare kuma 24 kN a kowace mita kubik, ya ba da 3.6 kN a murabba'in mita. Tayil da shafe da filasta 1.2, jimla 4.8. Mutane da kayan ɗaki 1.5. Don a bar rarar tsaro, a ninka 4.8 da 1.4, a ninka 1.5 da 1.6, a haɗa, ya zama 9.12. Ga wanda bai saba ba, kN ɗaya kusan kilo 100 ne, buhun siminti biyu ke nan.

Tsakanin bim da bim mita 3 ne, zurfin shago kuma mita 7.2. Tunda tsawon ya ninka faɗin fiye da sau biyu, dekin zai sauke kayansa ne kan bimomin da suka taso daga gaba zuwa baya. Kowanne zai ɗauki 9.12 sau 3, a ƙara nauyin kansa, ya tashi kusan 30 kN a kowace mita.

Laraba, 8 ga Oktoba, 2025

Na fara da B1, wanda ya haye mashigar gida kusa da matattakala. Tsawonsa mita 4, pila a kowane ƙarshe. Yana ɗauke da 20 kN a kowace mita, sannan wani ƙaramin bim na matattakala ya sauka a kansa da 30 kN, mita 1.5 daga pilar hagu.

Kafin a ja layi ko ɗaya sai an san abin da kowace pila ke tokarewa. Kayan da ya bazu 80 kN ne, kowace ta ɗauki 40. Na matattakala kuwa ba raba daidai ake yi ba, wadda ta fi kusa ita ta fi ɗauka: hagu 18.75, dama 11.25. Hagu ke nan 58.75, dama 51.25. In ka haɗa su 110, kayan ma 110. Wanda bai yi wannan gwajin ba kada ya ci gaba.

Zanen yanka tafiya ce daga hagu zuwa dama, kana bin abin da ka tarar. A pilar hagu layi ya tashi tsaye zuwa 58.75. Daga nan ya riƙa gangarowa, 20 a kowace mita, har ya kai 28.75 a inda ƙaramin bim ya sauka. Nan ya faɗo tsaye da 30, ya tsaya a 1.25 ƙasa da sifili. Ya ci gaba da gangara har 51.25 ƙasa da sifili, pilar dama ta mayar da shi sifili cif. In bai koma sifili ba, akwai kuskure a baya, kuma zanen da kansa ne ya tona.

Abin da nake so a wannan aiki shi ne yadda zane na biyu ke fitowa daga cikin na farko. Ƙarfin lanƙwasa a kowane wuri daidai yake da faɗin filin da ke ƙarƙashin layin yanka daga farko zuwa wurin. Muddin yanka na sama da sifili, lanƙwasa hawa take yi. Da ya tsallaka ƙasa, ta fara sauka. Ƙololuwarta na daidai inda yanka ya ratsa sifili. A B1 wurin ya faɗa ƙarƙashin ƙaramin bim: 58.75 da 28.75, a raba biyu, sau 1.5, ya ba da 65.6 kNm, wato kN sau mita, ma'aunin ƙarfin lanƙwasa. Na taso daga dama ma na sami lambar nan. A tsakiyar bim kuwa 62.5 ne. Bambancin ba shi da yawa a nan, amma ya isa ya nuna cewa maganar "tsakiya ce ta fi wahala" ba ko'ina take aiki ba.

Wata ƙa'ida da ke taimaka wa ido: kaya in a baje yake, layin yanka miƙaƙƙe ne mai gangara, na lanƙwasa kuma baka ne. In a wuri ɗaya ya sauka, yanka ya yi tsalle, lanƙwasa ta yi kusurwa.

Talata, 14 ga Oktoba, 2025

B2 shi ne uban tafiyar, don irinsa ne ya fi yawa a ginin. Mita 7.2, pila a gaba, pila a tsakiya, pila a baya, tazara biyu ta mita 3.6. Za a zuba shi gaba ɗaya, don haka ba bim biyu ba ne da aka jera, guda ne da ya haye pilar tsakiya. Lissafin daidaito kaɗai ba ya warware irinsa. Na yi amfani da ƙa'idar lanƙwasa uku ta Clapeyron, Bafaranshen da ya fitar da ita a 1857, na sake gwadawa da hanyar rarraba lanƙwasa ta Hardy Cross, ta 1930. Amsa ɗaya suka ba ni.

A kan pilar tsakiya lanƙwasa 48.6 kNm ce, kuma juyayya ce: saman bim ne ke miƙewa, ƙasa na matsewa. Pilar gaba da ta baya kowace na ɗaukar 40.5 kN, ta tsakiya 135. Yanka na ratsa sifili a mita 1.35 daga pilar gefe, inda lanƙwasar ciki ta kai 27.3. A mita 0.9 kafin pilar tsakiya, ta kowane ɓangare, lanƙwasa ta zama sifili, ta sauya gefe.

A dubi wannan da kyau. Da an ɗauki kowace tazara a matsayin bim mai zaman kansa, wL²/8, wato kayan kowace mita sau tsawo sau tsawo a raba takwas, zai ba da 48.6 a tsakiyar tazara, sifili a kan pila. Lambar ba ta canza ba, wurin ne ya canza, gefen ma ya canza. Mai wancan lissafin zai cika ƙasa da rodi, ya bar saman pila da 'yan siraran da ke riƙe rin, wato zoben rodin da ke zagaye bim. Tsagar da ake gani a tayil ɗin bene, a miƙe daidai kan layin pila, sau da yawa daga nan take.

Na tambayi Injiniya gefen da zan zana lanƙwasa, don littattafan Amurka da yawa suna ɗora ta sama, su kuma na Ingila suna bin gefen da ke miƙewa. Ya ce, "Zana ta inda rodi zai bi." Haka na yi. Cikin tazara layi ya yi tumbi ƙasa, a kan pila ya yi tozo sama. A ganina duk wanda zai kai zane wurin gini haka ya kamata ya yi, domin mai ɗaurin rodi ba ruwansa da alamar tarawa ko ta ɗebewa, amma yana ganin sama da ƙasa.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 2025

Gini ba ya cika ko'ina lokaci ɗaya. Ɗakin gaba na iya cika da mutane da kaya, na baya ba kowa. Don haka ƙa'ida ta ce a gwada tazara ɗaya da cikakken kaya, ɗayar da nauyin kanta kawai, 16 kN a mita. Da na yi haka, lanƙwasar kan pila ta ragu zuwa 37.3, amma ta cikin tazarar da ta cika ta hau daga 27.3 zuwa 31.8. Abin da ya fi jan hankalina yana ɓangaren da ba kaya: wurin sauya gefe ya matsa daga mita 0.9 zuwa kusan 1.3. Wanda ya yanke rodin sama a mita ɗaya, yana ganin ya bar rara, ashe bai kai ba.

Na ɗora zanukan uku a takarda ɗaya da fensir mai launi daban-daban, na bi gefen waje da baƙi. Wannan layin na waje shi ake yi wa rodi. Da ƙarfin rodi 410 N/mm², wanda Injiniya ya fi amincewa da shi ga rodin kasuwa, da bim mai faɗin milimita 230 da zurfin 450, saman pila na bukatar rodin da faɗin fuskarsa ya kai kusan 333 mm². Rodi mai kaurin milimita 16 guda biyu 402 ne, ya wadatar. Rodi 12 guda biyu 226 ne, bai kai ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 2025

Bayan an sauko daga masallaci Kawu ya kira ni. Wani mai sayar da kayan ɗaki ya nuna sha'awar kama shaguna biyu a haɗe, amma ba ya son pila a tsakiyar fili.

"Ɗana, wannan pilar ta tsakiya dole ce? A ƙara siminti mana, a cire ta."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, a ba ni zuwa dare in kawo maka a takarda."

Bukatarsa ba ta wauta ba ce, haya ce ke biyan gini. Abin da ya kamace ni shi ne in nuna masa farashin abin da yake so. In aka cire pila, tazara ta ninka biyu, lanƙwasa kuma ta ninka huɗu, domin tsawo sau kansa ake yi: 30 sau 7.2 sau 7.2, a raba takwas, 194.4 kNm. Na zana tsohon da sabon a ma'auni ɗaya, ɗaya kan ɗaya. Tsohon ya zama 'yan ƙananan tumbuna biyu, sabon ya kusa fita daga takarda. Rodin ƙasa zai tashi daga 402 zuwa sama da 1,300 mm², wato rodi 20 guda biyar, ga batun lotsawa da sai an duba shi daban, mai yiwuwa a ƙara wa bim zurfi ya rage tsayin shago. Kayan da pilar tsakiya ke ɗauka kuma ba ɓacewa zai yi ba. Na gaba da na baya za su tashi daga 40.5 zuwa 108 kowace, harsashinsu ya ƙaru.

Ya daɗe yana kallon takardar. Bai tambayi ma'anar kNm ba, girman tumbin ya gani. Gani ya kori ji. Ya ce a bar pila, mai kayan ɗaki ya jingina madubi a jikinta. Ana iya yin bim na mita 7.2 lafiya lau, ana ma yin wanda ya fi shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a cire pila a bar bim yadda yake.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 2025

Sabon abu ya shigo: baranda a gaba, mita 1.2, ta leƙo kan titi ba pila a ƙarƙashi, ta yi wa shaguna inuwa. B2 zai zarce pilar gaba ya miƙa hannu. Irin wannan bim mai kafe a gefe ɗaya shi ne Galileo ya zana a 1638, gungume a jikin bango da nauyi rataye a bakinsa, kuma har gobe shi ne ya fi saurin kama mai sakaci, don ba shi da pila ta biyu da za ta rufa masa asiri.

Injiniya ya ce a ɗauki 3.0 kN a murabba'in mita, saboda baranda wurin taruwa ce, musamman gidan ɗalibai. Ya zama 37 kN a mita a kan hannun. A bakinsa akwai ɗan bangon bulo inci shida da ƙaramin bim, 15 kN. Yanka ya fara daga 15 a baki, ya ƙaru zuwa 59.4 a jikin pila. Lanƙwasa sifili ce a baki, 44.6 a pila, kuma duk a sama take, ko taƙi ɗaya babu a ƙasa. Cikin 44.6 ɗin nan, 18 daga bangon baki ne kaɗai, saboda can nesa yake zaune. Kawu ya so mita 1.8. Na lissafa masa, 86.9, kusan ninki biyu a kan ƙarin santimita 60. Aka tsaya a 1.2.

Barandar ta sauya komai a bayanta. Lanƙwasar pilar tsakiya ta sauko zuwa 37.5. Ta cikin tazarar gaba ta kusa ɓacewa, 7.7 kacal. Pilar gaba kuwa, wadda a da 40.5 take ɗauka, yanzu 115.4, kusan daidai da ta tsakiya mai 116.4. Alhamdu lillahi da maganar ta zo kafin a haƙa rami. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma barandar da ake ƙarawa bayan an zuba harsashi ita ce irin wannan fafen.

Sai na gwada baranda cike, ɗakin gaba ba kowa, ɗakin baya cike. Layin lanƙwasa bai sauko ƙasa da sifili ba a duk tsawon tazarar gaba. Ko inda ya fi kusantowa, saura 8.6 a sama. Ma'ana akwai ranar da bim ɗin nan, daga bakin baranda har ya wuce pilar tsakiya, samansa ne ke miƙewa. Ba wanda zai hango wannan da ido ko da sabo. Shawarar da aka yanke: rodi 16 guda biyu a sama, daga baki har ƙarshe, ba yanka ba haɗi. Tsawon rodi mita 12 ne, bim 8.4, ya isa har da lanƙwasa ƙarshensa cikin pila.

Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025

Injiniya ya shigar da ginin cikin Prota, manhajar lissafin gini. Lambobin sun ɗan bambanta da nawa, domin manhajar tana lissafa taurin piloli, ni kuwa na ɗauke su a matsayin matokara kawai. Siffar zanen dai iri ɗaya ce, tozo a inda na sa tozo. Amfanin zanen hannu ke nan: in kwamfuta ta fitar da wata siffa dabam, ka san akwai abin da aka shigar ba daidai ba. An faɗaɗa harsashin pilolin gaba, takardu sun dawo daga hukumar tsara birni, an fara haƙa.

Alhamis, 18 ga Disamba, 2025

Piloli sun tsaya, kafinta ya gama katakon dekin, an shiga ɗaurin rodi. Mai ɗaurin dattijo ne, ya fara sana'ar tun ba a haife ni ba, kuma hannunsa a waya abin kallo ne. Da ya duba takardar jera rodi sai ya ce:

"Ɗan samari, wannan bim naku sama da ƙasa duk sha shida? Mu abin da muka sani, mai kauri a ƙasa, sha biyu a sama ya riƙe rin. Ba asarar kuɗin Alhaji ba ce?"

Tambaya ce ta mai kishin aiki. Abin da ya saba da shi gaskiya ne a lintal da duk bim mai pila biyu kacal, kuma yawancin abin da ya ɗaura a rayuwarsa irinsu ne. Na sayi rake a bakin titi, na ce, "Baba, ɗora shi a gwiwa ka danna gefe da gefe." Ya danna, ɓawon ya tsage ta sama. Na ce gwiwarsa ita ce pila. Sannan na shimfiɗa zanen lanƙwasa a kan katako, daidai tsawon bim, muka bi shi da yatsa daga baranda zuwa baya. Da muka zo tazarar gaba, inda layi ya ƙi saukowa, ya yi shiru, can ya ce, "To ai wannan barandar ɗaga shi take yi." Daidai ya faɗa, kuma ya fi yadda ni zan faɗa.

Daga nan shi ya ja ragamar. Ya ce wa yaransa kada wanda ya taka rodin sama, ya sa a ƙara kujerun rodi a dekin baranda, don ya sha ganin leburori sun tattake na sama ya kwanta ƙasa lokacin zubi. Wannan babbar magana ce. Rodin sama in ya nutse zuwa tsakiyar kauri, rabin aikinsa ya tafi, ko da adadinsa ya cika.

Sai maganar rin, wadda ta zanen yanka ce. Yanka ya fi tsanani a jikin pila, ya yi sauƙi a tsakiyar tazara, akasin yadda mutane da yawa ke zato. Mafi girma a B2 bai wuce 67.5 kN na lissafin farko ba, a raba da faɗi 230 sau zurfin aiki 400, wato daga gefen da ke matsewa zuwa tsakiyar rodi, ya ba da 0.73 N/mm². Bai yi yawa ba, mafi ƙarancin rin da ƙa'ida ta yarda da shi ya isa, kuma tazararsu ba za ta wuce kashi uku cikin huɗu na zurfin aiki ba, wato milimita 300. Duk da haka Injiniya ya rubuta rin 8 a tazarar 150 kusa da piloli da duk hannun baranda, 250 a tsakiya. Na goyi bayansa ɗari bisa ɗari. Tsagar lanƙwasa tana ba da sanarwa, bim ya lotsa, a gani, a fita. Tsagar yanka a karkace take fitowa kusa da pila, kuma ba ta cika jira ba.

Mai aikin famfo ya zo yana neman inda zai bi da bututu. An ba shi wuri a tsakiyar tazara, a tsakiyar zurfin bim, aka sa hannun bututu tun kafin zubi. Kusa da pila an hana.

Litinin, 22 ga Disamba, 2025

An zuba dekin da bimomi yau, simintin Ashaka, daga safe har bayan la'asar ba a tsaya ba. Na riga na yi alama a katako inda za a iya dakatawa in injin kwaɓi ya tsaya, cikin kashi na tsakiya na tazara, inda yanka ke da sauƙi, amma ba a bukace ta ba. Hunturu ya kankama, iskar na shanye ruwa da sauri, don haka an rufe da buhuna, an sa yaro yana jiƙawa safe da rana da yamma, aƙalla mako guda.

Laraba, 14 ga Janairu, 2026

Kankare ya haura mako uku, Injiniya ya ba da izinin cire sandunan tokara. Ko a nan zanen lanƙwasa bai gama aiki ba, kuma wannan darasi ne da ban taɓa jin an tsaya a kansa a aji yadda ya kamata ba.

Kafinta ya so ya fara daga jikin piloli, ya bar sandar tsakiya ta zama ta ƙarshe, a ganinsa hakan ya fi aminci. Amma sanda ɗaya da ta rage a tsakiya pila ce ta wucin gadi. Tana juya zanen: inda aka shirya tumbi sai tozo ya fito. A B2 akwai rodin sama da zai tare, amma a B1 da tsakiyar dekin babu isasshe. Don haka cikin tazara daga tsakiya ake farawa, a yi ta gefe da gefe zuwa piloli, bim ya karɓi kayansa sannu a hankali ta yadda aka tsara masa.

Baranda kuma akasin haka. In aka cire na ciki aka bar ta baki, hannun ya zama bim mai tokara biyu, ƙasansa ya miƙe. Daga baki ake farawa, a dawo ciki, kuma sai bayan an saki tazarar da ke bayanta. Na zana masa duka biyu a bangon shago da gawayi, ya gane nan take, shi ya ma bayyana wa yaransa. Mun auna bakin baranda da igiyar ruwa kafin da bayan cirewa, ba wani sauyi da ido zai kama. Na bi saman piloli da tocila, ba tsaga.

Asabar, 24 ga Janairu, 2026

Bulon sama ya kai lintal. Abu biyu ke gabana.

Na farko tankin ruwa. Kawu na son lita 2,000 a kan dekin, ta baya. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tan biyu ke nan, kusan 20 kN, da ninkin 1.4 ya zama 28. In ya zauna a tsakiyar tazarar baya ta B2, zai ƙara kusan 20.5 kNm a ƙasa, ya haura 50, ya kuma ƙara 9.5 a kan pilar tsakiya. Rodi 16 guda biyu na iya kai wa kusan 58, don haka bai karya ƙa'ida ba, amma ya cinye rarar da aka bari. In ya zauna a kan dekin tsakanin bim da bim kuwa, wannan ban yarda ba sam. In aka matsar da shi daidai kan pilar baya, lanƙwasar da zai ƙara wa bim kusan babu, kayan ya bi pila ya sauka ƙasa, sai dai a sake duba harsashinta. Na fi son a yi masa hasumiyar ƙarfe a tsakar gida, amma zan kai zaɓin biyu.

Na biyu ya fi damuna. Wani ɗan kasuwa daga kasuwar Muda Lawal ya tambayi Kawu ko zai ba shi ɗaki ɗaya a sama ya riƙa ajiye masara. An lissafa ɗakunan nan a kan kilo 150 a murabba'in mita. Buhu mai kilo 100 in aka ɗora biyar ɗaya kan ɗaya, tunda wurin da buhu ke kwanciya bai cika murabba'in mita ba, an doshi kilo 900 a murabba'in mita, ninki shida. Na roƙi Kawu kada ya amsa masa tukuna, ya ce ya ji. Na fara sabon zane na B2 da wannan kayan a tazara ɗaya, don ya gani a ma'auni ɗaya da na asali, kamar yadda aka yi a maganar pila. Ranar Litinin zan kai wa Injiniya shi tare da na tanki, daga nan in shiga bimomin rufi, waɗanda kafinta ke jiran tsayinsu kafin ya yanka katako.